Yadda Saniya ta Kawo Likitan Dabbobi Ƙasar Mairuwa, Kare Ya Biyo Baya

Duk wanda ya bar Funtuwa ya kama hanyar Gusau, bai yi nisa ba zai iske Mairuwa, garin da madatsar ruwansa ke shayar da Funtuwa. Gaba kaɗan sai Sheme mai babbar kasuwar shanu, sannan 'Yankara, kafin a faɗa ƙasar Zamfara. Daga nan har Ƙanƙara ta arewa da Sabuwa ta kudu, ƙasa ce ta masara da dawa da auduga, kuma ƙasa ce ta dabba. Da wuya a shiga gidan da babu akuya a turke ko kaji a tsakar gida. Ga shanun huɗa, ga ragon layya, ga kyanwa a gindin rumbu, ga karen da ke bin maigida gona.

Sai dai ba dukansu ne suka san hannun likita ba. Sa ya ƙi cin dusa da safe, kafin azahar an kira malamin dabbobi a waya. Kare ya kwanta, sai a ce a ƙyale shi, in da sauran kwana ya tashi. Wani zai ce ai lissafi ne: sa dukiya ce, ɗan kwikwiyo kuwa kyauta ake karɓo shi a gidan maƙwabci. Haka ne, amma akwai tarihi a bayan lissafin. Aikin likitan dabbobi a ƙasar Hausa don saniya aka kafa shi, kuma wannan asali yana bin sa har yau.

Kafin zuwan Turawa ba a naɗe hannu aka zauna ba. Bafulatanin da ya tashi cikin garke ya san sammore da kirci da boru da hanta da harbin daji, ya san ciwon da ake jiƙa wa magani da wanda ake kaɗa shanu a gudu a bar masa wuri. Ɓawon maɗaci na tsutsar ciki ne, kanwa ta gyaran jiki, lalas da jan ƙarfe na kumburi da ɗingishi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda suke tarar ciwon huhu. In saniya ta mutu da shi, sai a yanki ɗan huhunta, a tsaga fatar karan hancin lafiyayya, a cusa shi ciki. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura, sai a cire, a ƙone bakin raunin. Wadda ta tsallake, tabo zai zauna mata a hanci, wani lokaci har wani tsiro mai kama da ƙaramin ƙaho ya fito, ciwon kuma ya rage samun ta. Wasu na mutuwa a garin haka, babu musu. Amma riga-kafi ne sosai, kuma makiyayan Afirka ta Yamma na yin sa tun ba su taɓa ganin sirinji ba.

Doki nasa gatan daban ne. A fadar sarakunan Hausa akwai Shamaki mai kula da barga, da barori waɗanda aikinsu ke nan, ciyawa da harawa da kanwa da duba kofato. Katsina ta yi fice a nan: Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan folo a garin, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da aka sani har ƙetare. Ko a sauran duniya haka abin ya taso. Abubakar ibn Badr, likitan bargar Sarkin Masar a ƙarni na 14, kan doki ya rubuta babban littafinsa. Makarantar likitan dabbobi ta farko a Turai, wadda aka kafa a Liyon ta Faransa a 1761, doki da annobar shanu ne suka sa aka yi ta. Dabbar yaƙi da dabbar dukiya su ne a gaba ko'ina.

Sai cutar bushiya ta zo, ta nuna iyakar maɗaci da lalas.

A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanun da suka sayo daga Indiya a tashar Masawa, bakin Bahar Maliya, ashe da cutar a jikinsu. Cikin 'yan shekaru ta ratsa Habasha da Sudan, ta biyo hanyar fatake da makiyaya, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasar Hausa. Saniya za ta fara da zazzaɓi, idanu na hawaye, hanci na majina, baki ya cika da gyambo, sai zawo mai wari, cikin kwana goma ta faɗi. A wurare da yawa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na shanu sun ƙare. Wani Bafaranshe matafiyi mai suna Monteil, wanda ya ratsa Dori da Sakkwato da Kano a 1891, ya rubuta irin ɓarnar da ya tarar a hanya. Makiyaya suka riƙa kiran wannan annoba Sannu, saboda gaisuwar jaje da ake ta yi musu. Masu garke suka wayi gari da sanda kawai, da yawa suka zauna suka kama fartanya ba don suna so ba. Garken da aka sake haɗawa da ƙyar, cutar ta dawo masa a 1913 zuwa 1914, ta sake komowa a 1919 zuwa 1920.

Turawan mulki ba tausayin Bafulatani kaɗai ya motsa su ba. A lokacin jangali na cikin manyan hanyoyin shigar kuɗi na baitulmalin En'e, kuma matacciyar saniya ba ta biyan jangali. Ga fata da ƙirgi da ake lodawa zuwa Ingila, musamman fatar jar akuyar Sakkwato. Ga naman da garuruwan kudu ke jira, tunda jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Don haka a jajibirin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka buɗe sashen kula da dabbobi a Zariya. A 1924 aka mayar da shi Bom, a kan tsaunukan Jos, inda akwai sanyi kuma babu tsando, aka fara haɗa maganin bushiya a can. A wannan shekarar ce dai ƙasashe 28 suka haɗu a Faris suka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, bayan bushiya ta ɓulla a Beljiyam a 1920 ta hanyar wasu shanun Indiya da aka yada zango da su a tashar jirgin ruwa.

Allurar farko ba wasa ba ce. Ana tara shanu a sansani, a yi wa kowace allura biyu lokaci ɗaya: jinin da ke ɗauke da cutar a gefe guda, ruwan jinin saniyar da ta warke a ɗaya gefen. Saniya za ta yi ɗan ciwo, in ta tashi ta tsira har ƙarshen rayuwarta. Amma sai an tsare garke makonni, kuma akan yi asarar wasu. Ga wani abin tsoro kuma: wanda ya kawo shanu sansani ya nuna wa hukuma yawansu, mai karɓar jangali kuwa ba ya nesa. Ba jahilci ya sa Fulani suka riƙa ɓoye rabin garke a daji ba. Abin da ya jawo su a hankali shi ne ganin ido: annoba ta wuce, shanun da aka yi wa allura na tsaye, na maƙwabci na kwance.

Manomin ƙasar Faskari kuwa, inda Mairuwa take, ta wata ƙofa malamin dabbobi ya shigo masa. A shekarun 1920 hukumar bunƙasa auduga ta daular Ingila ta buɗe gonar iri a Daudawa, nan kusa da Mairuwa, aka kuma buɗe gonar kiwo ta Shika a 1928, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Daga irin waɗannan gonaki noman garma ya yaɗu: a ba manomi bashin bijimai biyu da garma, ya yi huɗa da su, ya zuba takinsu a gona, ya biya da kuɗin auduga. Mutumin da bai taɓa mallakar sa ba, yanzu yana da biyu, kuma na bashi. In ɗaya ya mutu da damina, noma ya tsaya, bashi bai tsaya ba. Wannan manomi ba ya buƙatar a lallashe shi kafin ya nemi allura. Makarantar da aka buɗe a Bom a 1941 ta riƙa yaye ma'aikatan da suka bazu cikin gundumomi, suna allura, suna dandaƙa, suna duba nama a mahauta, suna koya wa mahauta fiɗa da shanya fata a inuwa.

Ƙarshen bushiya labari ne da ya kamata kowane ɗan makaranta a Katsina ya sani. Wani likita ɗan Ingila, Walter Plowright, da ke aiki a Muguga ta Kenya, ya samar da allura wajen 1960 wadda ba ta kwantar da saniya, mai arha, kuma sau ɗaya ta wadatar. A 1962 aka fara gagarumin gangamin da ake kira JP15 daga ƙasashen Tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, daga baya ya game ƙasashe 22. Tsofaffin makiyaya na tuna alamar da ake huda wa saniya a kunne bayan allura. Cutar ta yi ƙasa har aka ɗauka ta tafi, aka saki jiki, kuɗin allura ya ƙafe, 'yan maruƙan da aka haifa daga baya suka tashi ba kariya. A 1983 ta afko wa arewacin Nijeriya ta kashe ɗaruruwan dubban shanu. Aka sake ɗaura ɗamara a 1986 da wani gangamin na Afirka baki ɗaya. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka ga bushiya ta ƙarshe a Nijeriya, a 2011 kuma aka sanar da cewa ta ƙare a duniya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa shafewa daga doron ƙasa.

Duk tsawon wannan gwagwarmaya, ina kare, ina kyanwa?

Suna bakin ƙofa. Turawa sun zo da karnukansu, kuma dokar karnuka da aka yi a farkon shekarun 1940 ta tanadi lasisi da kame masu yawo, amma a birane da unguwannin ma'aikata ta fi aiki. Asibiti na sosai, mai ɗakin tiyata da ɗakin gwaji, inda za a ɗora kare a tebur a auna zafin jikinsa kamar mutum, sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitan dabbobi a tsakiyar shekarun 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Asibitin koyarwarta na Samaru na da sashen manyan dabbobi da na ƙanana, kuma har gobe shi ne babban wurin da mutumin kudancin Katsina zai dosa in abu ya fi ƙarfin asibitin gwamnati na Funtuwa. Daga can ne mafi yawan likitocin dabbobi na farko a Arewa suka fito.

Akan jingina wannan sakaci ga addini, alhali in aka buɗe littafi ba haka abin yake ba. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa ibada aka ɗauke shi. Hadisi ya yarda da riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, waɗanda su ne ainihin ayyukan karen ƙauye. Alƙur'ani ya halatta abin da horarren kare ya kamo. Kowane almajiri ya san labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka yi wa azaba don ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta na wuyansa, ko ana cin namanta ko ba a ci.

Kuma ba ƙauna ce babu ba. A dubi mafarauci da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, yadda yake kiran karnukansa kowanne da sunansa, yadda yake saɓo wanda gyado ya farke ko beguwa ta soke a kafaɗa har gida. A dubi tsohuwar da ke rage wa kyanwarta nono a sakaina, don ta san ita ke tsare mata hatsi daga ɓera. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai gaya musu abin da ke magani da abin da ke kisa. Kare ya kamu da ƙazuwa, gashi ya zube, sai a shafe shi da baƙin man inji, ya lashe, ya shiga cikinsa. Kaska ta cika masa kunne, sai a ɗauko fiya-fiya ko maganin feshin gona a yi masa wanka, kafin la'asar yana dalala yana karkarwa. Kyanwa ta yi laushi, mai ita don tausayi ta ɓallo mata Panadol, ba ta san hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi ba, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Duk waɗannan cututtuka suna da magani mai arha a shagon maganin dabbobi, in an sami mai sani ya auna.

Inda sakacin ya fi tsada shi ne haukan kare, domin a nan ba ran dabba kaɗai ake magana ba. Ƙwayar cutar na cikin yawu. Ta shiga ta wurin cizo, sai ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin ya daɗe da warkewa, an manta, sai yaro ya fara firgita, ya ga ruwa ya kasa haɗiya. In an kai nan, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro shi ke wasa da kwikwiyo, shi ne kuma zai ɓoye cizo don tsoron faɗa.

Abin takaicin shi ne maganin ya girmi na bushiya. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa da allurarsa. A Nijeriya an rubuta cutar a jikin mutum a 1912, a jikin kare a 1925, Bom kuma ta fara haɗa allurar karnuka a 1956. Abin da ake so ga wanda aka ciza ba ɓoyayye ba ne: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar don fara allura, ba a tsaya ƙona gashin karen ana shafawa ba. Karen kuma in an san mai shi, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma. In ya mutu ko an kashe shi, kansa ake sa wa ƙanƙara a aika gwaji, kada a jefar a juji. Allurar mutum sai an yi ta sau da yawa, tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. Ta kare sau ɗaya ce a shekara, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Masana sun daidaita kan cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, aka ɗore, cutar na mutuwa a wurin. Meziko ta bi wannan hanya, a 2019 aka tabbatar ta rabu da haukan kare mai kama mutane.

Asibitin dabbobi na yau ya sauya kama. Ana kawo ragon da ya rame ga ciki tulu, a farka tumbinsa a zaro dunƙulen leda da igiya da ya haɗiya a bola. Ana kawo kajin gidan gona, musamman tun murar tsuntsaye ta 2006 da ta fara ɓulla a wata gona a Jaji. A Katsina da Zariya da Kano, masu hali na sayen manyan karnukan waje don gadi, 'ya'yan karnukan kuwa ba sa jure wa cutar amai da zawon jini da ta bazu a duniya tun 1978, don haka mai su ya san katin allura, ya san ranar komawa. Akwai matasa masu kiwon tattabaru da zomaye da kyanwoyi masu dogon gashi, suna tambayar likita ta WhatsApp. Sannu a hankali teburin ƙananan dabbobi na samun masu zuwa.

Ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kuwa baya aka ja da su. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga sun kwashe garken da bushiya ta bari, har da shanun huɗa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jihar ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, waɗannan uku na ciki, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya na wani lokaci. Mai allura ba zai ɗauki akwatin ƙanƙara ya shiga dajin da ba shi da tabbacin fitowa ba, kuma babu mai ganin laifinsa. In ƙauye ya watse, mutane kan kora awaki su ɗauki kaji, kare ne ake bari a kango, ya koma neman abinci a daji da gefen gari, inda yake cuɗanya da wasu karnukan da ba a san lafiyarsu ba.

Duk shekara ana ware 28 ga Satumba don yaƙi da haukan kare, kuma a ranar likitoci kan yi allura kyauta a manyan garuruwa. Duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa da cutar, Nijeriya ma ta fitar da nata tsarin a 2022. Amma kare ba saniya ba ne: ba ya daɗewa a duniya, yana haihuwa da yawa, cikin shekara biyu ko uku yawancin karnukan ƙauye sababbi ne, don haka allurar sai an maimaita duk shekara, kuma sai an kai ta inda suke. Wannan na buƙatar firji mai aiki da hasken rana a hedikwatar ƙaramar hukuma, da babur, da ɗan gari da aka horar wanda mutane suka san iyayensa. Yana kuma buƙatar dagatai da masu unguwanni da shugabannin mafarauta, domin su suka san gidan da ke da kare da yawansu. Ranar fita farauta, karnukan ƙauyuka da yawa kan taru a fili ɗaya tun da sassafe, kowanne da mai shi riƙe da igiya, kuma mai allura biyu da akwatin ƙanƙara ɗaya za su iya gamawa da su kafin a shiga daji.